Tagwaye da Fatalwa a Cikin Kwamfutata

A bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa Malam ya zana mini aikin. Murabba'i ɗaya ya yi, ya jajja masa layuka a tsaye da a kwance har ya koma kamar ragar masunta, ya rubuta 300 a gefe, 300 a ƙasa, ya turo mini. Ya ce, "Mushe, lambobi shida mafi ƙanƙanta nake so. Kuma kar ka kira mini shirin da wasu suka riga suka rubuta, da hannunka za ka gina dabarar." Mushe yake ce mini don ya san da safe lissafi nake koyarwa a wata lise, da la'asar kuma in hau kabu-kabu daga Birni in zo jami'a in zauna benci ɗaya da yaran da wasunsu ni na shirya su zuwa bak. Na ninke takardar na sa a aljihu, na ce, "To Malam, in Allah ya yarda mako biyu." Murmushi kawai ya yi. Wata biyar na yi a kai.

Da Faransanci muka yi karatun, amma ni in ban juya abu zuwa Hausa a cikin kaina ba, ba ya zama. Matiris teburin lambobi ce, layi-layi. Aikinta shi ne ka ba ta kibiya, wato jerin lambobi mai tsawo da alƙibla, ita kuma ta mayar maka da wata: ta karkatar da ita, ta miƙe ta ko ta taƙaita ta. Sai dai akwai kibau da matiris ba ta iya karkatarwa. Duk yadda ta yi da su, inda suka dosa nan suke dosa, tsawonsu kaɗai ke sauyawa. Adadin ninkin da tsawon ya yi shi ne abin da Faransawa ke kira valeur propre, Jamusawa kuma suka ara wa duniya kalmar eigen, wato na kansa. Ni lambar hali na raɗa mata, kibiyar kuma kibiyar hali, tunda hali zanen dutse ne. Irin waɗannan lambobin ne Malam yake so in fitar daga matiris ɗin ragar da ya zana.

Ba don wasa Malam ya zaɓi wannan aiki ba. Duk ɗan Damagaram ya san garinmu a kan dutse yake zaune, manyan duwatsun cikin Birni sun ishe ka shaida. Ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga rijiyoyin Gogo da Macaya, da na Arunguza da Ganaram, in bazara ta kankama kuwa ƴan ga-ruwa su ne sarakai. Lissafin ruwan ƙarƙashin ƙasa yana cewa idan damina ta ɗauke, tsayin ruwan da ke kwance a kwari yana sauka ne kamar haɗin siffofi masu yawa, kowace da saurin mutuwarta. Saurin nan shi ne lambar hali. Masu manyan lambobi nan da nan suke ɓacewa, mai ƙaramar lamba ita ke jurewa har ƙarshen rani. Shi ya sa ƙananan ake nema. Lissafin ɗaya ne da na fatar ganga: ƙaramar lamba ita ce amon nan mai kauri da kake ji a ƙirji idan an doki tambari a ƙofar fada.

Na fara da abin da aka koya mana a shekarar farko ta jami'a: ka cire lamda, wato lambar halin da ake nema, daga layin tsakiya, ka fitar da detarminan, ka sami folinom, ka nemi tushensa. A matiris mai layi biyu ko uku wannan aikin minti biyar ne a kan allo. Tawa kuwa maki dubu 90 gare ta, 300 sau 300, kowane makin raga da layinsa a matiris, ke nan folinom mai daraja dubu 90. Tun 1824 Abel, wani saurayi ɗan Nowe, ya tabbatar cewa daga daraja ta biyar zuwa sama babu wata ƙa'ida ta gama-gari irin ta delta da muke haddace wa yara. Saboda haka duk dabarar neman lambar hali dabarar matsowa ce, taku bayan taku, ba a isa cif sai dai a kusa. Ko da a ce ƙa'idar tana nan, hanyar folinom rami ce. James Wilkinson na Ingila ya ɗauki folinom mai tushe 1, 2, 3 har 20, ya taɓa ɗaya tak daga lambobinsa, wadda take −210, da abin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan takwas ba. Tushe goma suka fice daga layin lambobin gaske baki ɗaya, na 20 ya koma 20.8. Na gwada da kaina a Octave, shirin lissafi na kwamfuta, don gani ya kori ji, na rufe wannan babin.

Sai na ce to bari in yi wa Malam wayo, in ga amsar a ɓoye tukuna. Octave tana da umarnin da ke fitar da duk lambobin hali na matiris a shaƙa ɗaya. A ƙarƙashinsa akwai dabarar QR, wadda John Francis a Landan da Vera Kublanovskaya a Leningrad suka gano kowa a gefensa a 1961. Labarin Francis yana ba ni mamaki har yanzu. Ya buga takardunsa biyu, ya bar fagen ya kama wani aikin, sai a 2007 Gene Golub da Frank Uhlig suka nemo shi, suka tarar bai ma san dabararsa ta zama abincin yau da kullum na kwamfutocin duniya ba. Ni dai ko ƙofar QR ban kai ba. Ina cewa a buɗe mini teburi mai layi dubu 90 da ginshiƙi dubu 90, kwamfuta ta ce babu wuri. Na ɗauki alli na lissafa a ƙofar ɗaki: gurbi biliyan 8.1, kowane yana cin bayit 8, kusan giga 65 ke nan. Tawa, wadda na saya ta hannu a kasuwar Dole, giga 4 gare ta. An ce da akuya ta ɗauki kayan raƙumi.

A nan ne na fara kallon ragar da idon basira. Kowane maki maƙwabta huɗu kawai ya sani, na gabas da na yamma, na kudu da na arewa. Ashe ba na bukatar ajiye teburin sam, in dai na san yadda ake ninka shi da kibiya. Akwai kuwa tsohuwar dabara da wannan kaɗai take nema, ta von Mises da Hilda Geiringer ta 1929: ka ninka kibiya da matiris, ka daidaita tsawonta, ka sake ninkawa, haka haka har ta kwanta a kan kibiyar hali mai babbar lamba. Ni ƙarama nake so, sai na cire matiris daga babbar lambarta, wadda take kusan dubu 725, don ƙarshe ya koma farko. Na rubuta shi da madauki cikin madauki, kamar yadda zan yi da hannu. Kowane taku kusan daƙiƙa ɗaya.

Lokacin watannin takunkumi ne, ƙarshen 2023, layin da ke kawo mana kuran daga kudu ya yi shiru. Batirin kwamfutata minti arba'in yake riƙewa, shi ma in an lallaɓa shi. Sai in kunna lissafi bayan isha'i, in kwanta a tabarma ina kallon lambar tana motsi a ƙarshen wutsiyarta kamar hawainiya, can cikin dare kuran ya ɗauke, komai ya bi ruwa. Dare uku ina farawa daga sifiri kafin dabara ta faɗo mini in riƙa ajiye kibiyar a kile bayan kowane taku dubu. Da rana in kai ta shagon wani mai cajin waya a Zango, mai panno a kan rufi. Dala ashirin yake karɓa, daga baya ya daina karɓa, wai shi ma yana so ya ga ranar da lambar za ta tsaya. Sai bayan an gama komai na lissafa abin da nake fama da shi. Bayan juyin da na yi, tazarar lamba ta farko da ta biyu ba ta wuce 30 cikin dubu 725 ba, ke nan kowane taku kashi 4 cikin dubu 100 na kuskuren yake kashewa. Taku dubu 56 kafin kibiyar ta gyaru da lamba ɗaya bayan ɗigo. Sama da awa 15 ke nan a irin tafiyata. Kuma shida ake so.

Wata abokiyar karatuna ce ta cece ni, ƙanwar bayana a shekaru amma yayata a kwamfuta. Ta leƙa allon ta ce, "Haba Mushe, gero kake ƙirgawa ƙwaya-ƙwaya?" Cikin layi huɗu ta gina mini matiris ɗin a siffar da ake ajiye lambobin da ba sifiri ba kaɗai. Guda 448,800 ne cikin biliyan 8.1, sauran duk iska. Takun da yake cin daƙiƙa ya koma ƙiftawar ido. Sannan ta ce in daina ninkawa, in bi ta baibai.

Bi ta baibai shi ne maimakon ka tambayi ina matiris za ta kai wannan kibiya, ka tambayi wace kibiya ce matiris za ta kawo nan. Warware lissafi ke nan a kowane taku, ya fi tsada, amma lambobin hali sukan juye: lamda ta koma ɗaya bisa lamda. Ƙananan da suka cunkushe a gindi sai su zama manya, su warwatsu. Rabon ta biyu da ta farko ya sauko daga 0.99996 zuwa 0.4, wato duk taku biyu da rabi lamba ɗaya ta gyaru. Warwarewar kuma sau ɗaya ake shan wahalarta, idan an tsaga matiris gida biyu da dabarar Cholesky, wani hafsan sojan Faransa mai awon ƙasa da ya mutu a yaƙi a 1918 kafin a buga aikinsa. Nan ma sai da na yi tuntuɓe. Da na bar makin a jerinsu na asali, tsagin ya cika da lambobi kusan miliyan 27. Da aka sake musu jeri, sai ya sauko miliyan kaɗan. Abu ɗaya, amsa ɗaya, jerin gwano kawai aka sauya. Cikin taku ashirin lamba ta tsaya cak: 19.7390. Ran nan ni na sayi sukari da ganyen shayi a fadarmu, har mai cajin waya sai da na kai masa labari.

Saura biyar. A nan Malam ya ce in karanta Lanczos. Mai maimaici kamar mai jan ruwa ne da ke zubar da gugan farko duk lokacin da ya jawo na biyu, don kibiyar ƙarshe kaɗai yake riƙewa. Krylov na Rasha tun 1931 ya nuna amfanin tara su duka. Cornelius Lanczos, ɗan Hangari da ya taɓa yi wa Einstein mataimaki, a 1950 ya nuna cewa idan matiris tana da daidaito, wato abin da ke sama da layin tsakiya shi ne a ƙasansa, to kowace sabuwar kibiya da biyun da suka gabace ta kawai za ka tsabtace ta, ita da sauran za su tsaya a kusurwar digiri 90 da kansu. Abin da kake tarawa a hanya ƴar ƙaramar matiris ce mai layi uku a tsakiya, kuma lambobin halinta suna kusantar na uwar. Shafi ɗaya bai cika ba na gama rubuta shi. Na haɗa shi da bin baibai, na cika kibiyar farko da 1 daga sama har ƙasa don shi ne mafi sauƙi, na ba shi taku 15.

Na tafi ofishin Malam da fara'ata: 19.74, 98.69, 177.64, da ƴan bayansu. Ya duba ta saman tabarau.

"Daga 19 ka yi tsalle zuwa 98? Kuma gidan nan akwai tagwaye, Mushe. Ban ga ko ɗaya ba."

Bai ƙara ba, ya ci gaba da gyaran takardunsa.

Kwana huɗu ina neman kuskure a rubutun, babu. Ran na biyar na ce bari in zana kibiyoyin a matsayin hoto a kan murabba'in. Ta farko tudu ɗaya ce a tsakiya, kamar an kife ƙwarya. Sauran suna da tudu da kwari, amma duk cikinsu, in ka ninke hoton biyu, dama da hagu sai su haɗu daidai, sama da ƙasa ma haka. Nan jikina ya yi sanyi. Kibiyar da na fara da ita, 1 ko'ina, ba ta san dama da hagu ba, matiris ɗin ma ba ta fifita ɓangare. To daga ina ƴaƴansu za su koyo bambancin? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Duk siffar da take tudu a dama kwari a hagu, dabarar ba za ta gan ta ba, don babu ɗigonta a cikin irin da na shuka. Maganin abin dariya ne: ka fara da lambobin ƙuri'a, waɗanda kwamfuta ta watso ba tsari, don a cikin hargitsi kowace siffa tana da ɗan rabonta.

Na sauya, kuma don kada a sake cewa na yi rowa, na ba shi taku 40. Ga abin da ya fito: 19.7390, 19.7390, 49.3465, 49.3465, 78.9540, 98.6887. Tagwaye har biyu! Wannan karon ban yi gaggawa ba. Na ɗauki kowace lamba da kibiyarta na gwada: matiris sau kibiya, a cire lamda sau kibiya, me ya rage? Kusan sifiri, dukkansu shida. Na buga a takarda, na sa a cikin leda don ƙurar hunturu, na tafi.

Malam ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "A unguwarku akwai Hassan da Husaini?"

Na ce, "Akwai, Malam, har gida biyu."

"Ka taɓa ganinsu tsaye a cikin takalmi ɗaya?"

Ya sa na buɗe kwamfutar nan take, na auna kusurwar da ke tsakanin kibiyoyin 19.7390 guda biyu. Babu kusurwa. Ɗaya kwance a kan ɗaya, hoto ɗaya, ƙwarya ɗaya a kife. Mutum ɗaya na ƙirga sau biyu. Na ƙara taku zuwa 60, sai ga shi sau uku. Na 49 kuwa ba su kwanta a kan juna ba. Sai a lokacin ya karɓi takardar da ya zana mini tun farko ya rubuta a ƙasanta amsar da yake ɓoye mini: π² sau (j² + k²), inda j da k cikakkun lambobi ne daga 1 zuwa sama. Ya ce in nemo hanyoyin da j² + k² zai ba da 2. Ɗaya da ɗaya, shi ke nan, hanya guda. Biyar fa? Ɗaya da huɗu, huɗu da ɗaya: siffa ɗaya ta raba murabba'in gabas da yamma, ɗayar kudu da arewa, saurin mutuwarsu ɗaya amma kowa da jikinsa. Waɗannan su ne tagwaye. Na biyun 19 kuwa, masana fagen da kansu fatalwa suke ce mata.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne gwajina bai yi ƙarya ba. Fatalwar lamba ce ta gaskiya, kibiyarta ma ta gaskiya, kawai an riga an ƙirga ta. Tambayar da na yi wa kwamfuta ita ce ko wannan amsa ce, ta ce e. Ban tambaye ta ko sabuwa ce ba.

Tushen abin a wutsiyar lamba yake. Kwamfuta lambobi kamar 16 take riƙewa, abin da ya wuce nan ta datse. Ka tara mata 0.1 da 0.2, ka ce ta nuna maka duka, za ka ga 0.30000000000000004. Na nuna wa ɗalibaina wannan a aji, wani ya ce ashe ita ma ba za ta ci bak ba. Alkawarin Lanczos, cewa tsabtacewa da kibiya biyu ya wadatar, a lissafin da ba a datse komai yake cika. Shekara ashirin mutane suna ɗari-ɗari da dabarar saboda wannan, har Chris Paige ya warware sirrin a kundin digirinsa na 1971 a Landan. Abin da ya gano ya saɓa wa zato: lalacewar ba a hankali take taruwa ko'ina ba, tana zuwa ne daidai lokacin da wata lamba ta nuna, kuma ta ɓangaren kibiyar wannan lambar. Da zarar an kama 19.7390, ɗan ƙurar datsewa ya sake shigo da ita ta bayan gida, dabarar ta ɗauka baƙuwa ce, ta sake kama ta.

Gyaran bai ɗauke ni yini ba. Na riƙa ajiye duk kibiyoyin, kowace sabuwa in tsabtace ta da dukkan na baya, sau biyu. Kowace kilo 720 take ci, sittin ba su kai mega 50 ba, kwamfutata ko tari ba ta yi ba. Don tagwayen gaskiya kuwa, tunda kibiya ɗaya ɗaya daga cikinsu take iya gani sai in ƙurar datsewa ta taimaka, na koma farawa da kibiyoyi uku a tare. Suka fito: 19.7390, sai 49.3465 sau biyu, 78.9540, sai 98.6887 sau biyu, kowane biyu a kusurwar digiri 90. Ƙa'idar Malam tana ba da 19.7392 a ta farko. Ɗan bambancin nan na ramukan raga ne, in ka ƙara mata layuka sai ya ragu. Daga nan ya ba ni izinin kiran eigs, shirin da ke tafiya a kan ARPACK, wanda aka gina bisa dabarar Danny Sorensen ta 1992. Layi ɗaya, ƴan daƙiƙoƙi, amsa iri ɗaya. Na zauna ina kallonsa, ban san ko dariya zan yi ba.

Babin ƙarshe na memwar, wato kundin kammala karatuna, ya bukaci in faɗi inda bincike ya kai a yau. Forfen dare nake saye don ya fi araha, in sauko da takardu daga arXiv, rumbun takardun bincike na intanet, har asuba. Na zata zan tarar da wata duniya da ba ta san irin tuntuɓena ba, sai na ga su ne dai, an sa musu manyan riguna. Ƙuri'ar da ta fitar da ni daga ramin farko yanzu fage ce guda. Tun takardar Halko da Martinsson da Tropp ta 2011, ana ninka ƙatuwar matiris da ƴan kibiyoyin ƙuri'a a ɗauko hotonta a taƙaice, kamar mai sayen gero da ke zura hannu a buhu wuri uku ya san abin da ke ciki. Farawa da kibiyoyi da yawa a tare shi ne ginshiƙin LOBPCG ta Andrew Knyazev ta 2001. Eric Polizzi a 2009 ya fito da FEAST, inda kake zana da'ira ka ce a ba ka lambobin da ke cikinta kawai. Datse wutsiya ma ya zama abin da ake yi da gangan: na'urorin da aka ƙera don ƙirƙirarriyar basira sun fi sauri idan lamba uku ko huɗu kawai suka riƙe, sai masana irin su Erin Carson da marigayi Nick Higham na Mancesta, wanda ya rasu a Janairun 2024 ina tsakiyar karanta aikinsa, suka nuna yadda za a yi aikin ƙarfi da gajeriyar lamba sannan a goge kuskuren da doguwa. Wannan ya fi burge ni, watakila don na san zafin ƙaramar kwamfuta.

Bayan murabba'i, Malam ya ba ni kwari mai siffar kalangu, ciki biyu da tsukakken ƙugu. Adadin yadda ƙasa ke barin ruwa ya ratsa ta mu muka ƙaga, don awon rijiyoyi na gaske ba ya hannunmu, kuma na rubuta hakan ƙarara a memwar. Ƙananan lambobi biyu suka fito kusa da juna, sai a lamba ta huɗu suka rabu. Da a wata na biyu ne, da na goge ɗaya na ce fatalwa ce. Na auna kusurwa, na zana hoto: a ɗaya cikin biyu suna sauka tare, a ɗayar in wannan ya yi tudu wancan kwari. Ba tagwaye ba, ba fatalwa ba, wa da ƙane ne da aka haifa a jere. Inna tana tankaɗe a tsakar gida ta ji na yi kabbara. Ta ce, "Kai ɗan nan, wannan lissafin naka zai kawo ruwa a famfo?" Na ce, "A'a Inna, sai dai ya faɗa mana yaushe zai ƙare, shi ma in an ba shi awo." Ta ce, "Wannan ai mai ga-ruwa ma ya sani," ta ci gaba da tankaɗenta.

Ranar kare memwar, tambayoyi biyun farko na sha su kamar kunu. Na ukun, wani dattijo da bai ce uffan ba tun shigowarsa, ya ce, "Ɗana, ruwan naka a kwance yake. In yana gangarawa fa?" Na san inda ya dosa. Idan ruwa yana tafiya gefe ɗaya, maƙwabcin gabas da na yamma ba su da nauyi ɗaya, daidaiton matiris ya tafi, Lanczos ya tafi da shi, sai dabarar Arnoldi ta 1951 da ke tsabtacewa da kowa. Wannan na faɗa. Ya ce, "Lambobin da za ka samu, za ka yarda da su?" Na yi shiru. A matiris mai daidaito, in ka taɓa ta kaɗan, lambobin halinta kaɗan suke motsawa. A marar daidaito babu wannan alkawarin. Na ce masa na karanta cewa wajen 2020 Banks da Garza-Vargas da Kulkarni da Srivastava sun nuna idan ka yayyafa wa irin wannan matiris ƴar ƙurar ƙuri'a da gangan, lambobinta sukan rarrabu har a iya kama su da tabbaci, kuma uku daga cikinsu sun bi da aiki a kan tabbatar da isar dabarar QR, abin da aka shekara sittin ana amfani da shi ba tare da cikakkiyar hujja ba. Na kuma ce hujjar tasu ta fi ƙarfina. Ya gyaɗa kai, ya rubuta wani abu.

Da dare, bayan baƙi sun watse an kwashe kwanukan, na buɗe kwamfuta na gina matiris mai layi goma: sifiri ko'ina, sai 1 a jere a saman layin tsakiya. Lambobin halinta goma, duk sifiri. Na sa 0.0000000001 a kusurwar ƙasa ta hagu, kashi ɗaya cikin biliyan goma. Goman suka watse suka yi zobe, kowace 0.1 daga tsakiya. Na zaro takardar Malam daga leda. Kafin in fito daga zauren ya karɓe ta ya mayar mini, ban duba ba sai yanzu. Ya ja kibiya ɗaya da jan biro ta ratsa murabba'in daga gabas zuwa yamma, a ƙasa ya rubuta: Litinin, ƙarfe huɗu.